Yadda unguwa ke bin sawun kuɗin makarantar firamarenta

Idan iska ta yaye rufin aji, abin da muka saba shi ne karo-karo: kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a sayi kwano a buga. Taimako ne, amma badi ma haka za a sake. Masu son gyara mai ɗorewa hanyar da kuɗin gwamnati ke bi suke nema.

A fara da sanin hanyar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na tarayya. Sai dai jiha ba ta taɓa kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Nan gizo ke saƙar: wasu jihohi kan yi shekaru ba su ajiye nasu ba, biliyoyin naira na kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, don haka ƙofarsa daban.

Sai a haɗa kai. Ba sai an kafa sabuwar ƙungiya ba, domin tsarin ya riga ya tanadi kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, inda mai unguwa, liman, iyaye mata da hedimasta ke da kujera. A wurare da yawa sunansa kawai ya rage a takarda. A farfaɗo da shi.

Aikin da ya fi kowanne shi ne ƙidaya, kuma shi mutane suka fi rainawa. A shiga aji-aji da littafi: yara nawa ke cikin rajista, nawa suka zo yau, benci nawa ke tsaye da ƙafafunsa, malami nawa ya sa hannu, makewayin 'yan mata yana da ƙyaure ko babu. A ɗauki hoto, a rubuta kwanan wata. Jami'i na iya kawar da "makarantarmu ta lalace" da murmushi da "za a duba". Takarda mai lambobi da sa hannun dagaci ba ta kawuwa haka.

Daga nan a nemi bayani a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. A tambayi UBEC nawa jihar ta karɓa, a tambayi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ko makarantar na cikin jerin ayyukanta. Kada a baro ofis sai an buga wa kwafin wasiƙar hatimin karɓa.

Lokaci ma abin lura ne. Gwamnoni kan kai kasafi majalisa a ƙarshen shekara, amma ma'aikatu sun tsara shi tun watanni kafin nan. Wanda ya jira ranar sauraron ra'ayin jama'a ya makara. Tun da damina za a je wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, da buƙata ɗaya ko biyu, ba goma ba. A ganina biyu sun isa: jiha ta biya nata kason a kan kari, sannan a riƙa tura kuɗin alli da ƙananan gyare-gyare kai tsaye asusun makaranta gwargwadon yawan ɗalibanta.

Idan an yi kunnen uwar shegu, akwai rediyo. A Kano, shirin Inda Ranka na Freedom Radio ya daɗe yana kai kuka inda wasiƙa ba ta kai. A kafofin sada zumunta kuma, ƙungiyar Follow The Money ta Hamzat Lawal ta nuna tasirin matsin lamba tun batun gubar dalma a Bagega ta Zamfara, inda sai da aka dage kafin gwamnati ta saki kuɗin tsabtace garin.

Ko sunan makaranta ya fito a kasafi, kada a yi saurin guɗa. Jihohi na wallafa rahoton abin da suka kashe duk wata uku. Kwamiti ya sa wani matashi mai waya ya riƙa sauko da shi, a karanta a zaman iyaye, a gwada da abin da ɗan kwangila ya gina a fili.