Rauni a Bakin Aikin Jami'a: Diyyar da Ake Bari Ta Wuce

Wanda bai san jami'a ba yana ɗauka aikinta bai wuce allo da alli ba. Zagaye ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya isa ya sauya masa tunani. Akwai masu feshin maganin ƙwari a gonakin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai masu kokawa da shanu a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, har da na'urar binciken nukiliya da ke aiki tun 2004. Kowace jami'a kuma tana da mai gyaran wuta da ke hawa falwaya, da direban da ke kwana a hanya, da mai gadi, da mai sharar da ke kwashe fasassun kwalabe daga ɗakin gwaje-gwaje.

Idan tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu, an san abin da ke biyo baya. A garzaya da shi asibitin jami'a, a yi masa jaje, abokan aiki su yi karo-karo, shugaban sashe ya ɗan taɓa aljihunsa. Daga nan sai a ce ƙaddara ce, a rufe maganar. Ƙaddara ce kam, babu mai ja. Sai dai karo-karon kyautatawa ne kawai, ga kuma haƙƙi da doka ta ajiye wa mai raunin, wanda yawanci ba wanda ke tuna masa da shi sai lokaci ya ƙure.

Dokar ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disambar shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar NSITF ce ke gudanar da ita. Tsarin shi ne, mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun hukumar, ita kuma ta biya diyya idan wani ya ji rauni, ko ya kamu da ciwon da aikinsa ya jawo, ko ya rasu. Ba a cire wa ma'aikaci ko sisi. Dokar ta haramta a zaftare kuɗin daga albashinsa, ta kuma soke duk wata yarjejeniya da za a sa shi ya yafe diyyarsa. Ba sai ya tabbatar da cewa jami'a ta yi sakaci ba. Abin da ake bukata shi ne raunin ya samo asali daga aikin ko ya faru a cikinsa.

Dokar ta shafi ma'aikatun gwamnati da masu zaman kansu, sojoji kaɗai ta ware. Saboda haka jami'ar tarayya da ta jiha da ta kuɗi duk suna ciki. Ba ta kuma tsaya ga mai takardar aikin dindindin ba: ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da na ɗan lokaci da mai koyon sana'a. Farfesa da leburan gona matsayinsu ɗaya a nan. Masu gadi da masu shara da jami'a ta ɗauko ta hannun kamfani su ne ya kamata su fi buɗe ido, su tambayi kamfanin ko ya yi musu rajista.

Mutane da yawa suna zaton bakin aiki yana ƙarewa ne a ƙofar makaranta. Ba haka ba ne. Hatsarin da ya rutsa da ma'aikaci tsakanin gidansa da wurin aiki yana ciki, haka ma tsakanin wurin aiki da inda ya saba cin abinci ko karɓar albashi, muddin mai ɗaukarsa aiki ya san wurin tun farko. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya sa duk wanda ya sauya gida ya kamata ya sabunta adireshinsa a ofishin magatakarda.

Aikin da aka tura mutum wajen harabar jami'a shi ma yana ciki, kuma ba ƙaramin babi ba ne. A watan Yulin 2017 mayaƙan Boko Haram suka yi wa tawagar binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri na Jihar Borno. Ma'aikatan Jami'ar Maiduguri suna cikin waɗanda suka rasu, aka kuma sace uku da ba a sako ba sai Fabrairun 2018. Ba kowace tafiya ce ke da irin wannan hatsari ba, amma malaman da ke kai ɗalibai nazarin ƙasa, da masu zuwa duba ɗalibai a wuraren koyon aiki, kullum suna kan titi. Abin da za a fara tambaya idan wani abu ya faru shi ne ko da izinin jami'a aka fita. Izinin baki daga shugaban sashe ba ya barin sawu. A karɓi takarda, a ajiye kwafinta a gida kafin a shiga mota.

Akwai kuma ciwon da ba ya zuwa da jini a ƙasa. Kurumtar da ƙarar janareta ke jawowa a hankali, ciwon huhu ko na fata daga sinadarai, cutar da aka ɗauka daga majinyaci ko daga dabba. A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bayan sun kula da majinyaciyar da ke ɗauke da shi. Malaman likitanci da na likitancin dabbobi da masu aikin ɗakin gwaji suna tare da irin wannan barazana kowace rana. Dokar ta amince har da taɓuwar hankali da wani mummunan lamari na ba-zata a wurin aiki ya haddasa, idan likita ya tabbatar.

Inda haƙƙin ya fi salwanta shi ne wajen wa'adi. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, yana da kwana 14 ya sanar da mai ɗaukarsa aiki. Jami'a kuma tana da kwana 7 ta kai rahoto ga NSITF, rasuwa kuwa nan take ake kai rahotonta, kuma ƙin kai rahoto laifi ne. Takardar neman diyya ita kanta dole ta shiga cikin shekara 1, sai fa in akwai uzuri na musamman da hukumar ta gamsu da shi, wanda zai iya kai wa'adin shekara 3. Gaskiya ne hukumar na iya sassautawa idan ta ga jami'a ta riga ta san abin da ya faru, amma ba dabara ba ce mutum ya jingina haƙƙinsa ga sassaucin wani.

Sanarwar ba ta bukatar lauya ko dogon Turanci. Suna, rana da lokaci, wurin da abin ya faru, irin raunin da abin da ya jawo shi, cikin magana ta yau da kullum. A miƙa ta ga shugaban sashe, a kai kwafi ofishin magatakarda, a tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a koma da shi gida. Idan mai raunin yana kwance, matarsa ko ɗansa ko wakilin ƙungiya ya kai. A ɗauki hoton wurin da waya, a rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. A asibiti kuma a gaya wa likita ƙarara cewa a wurin aiki aka ji raunin, don ya shiga fayil, sannan a adana kowane rasit. Hatsarin mota yana bukatar rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗurra.

Wanda ya ruga wurin mai ɗori ya tsallake asibiti ya jawo wa kansa wahala, don mai ɗori ba ya ba da rahoton likita. Ƙaramin rauni ma a rubuta shi. Ciwon bayan da aka raina yau shi ne ke kwantar da mutum bayan wata shida, a lokacin kuwa babu takardar da ke haɗa shi da ranar da aka ɗaga wani inji a wurin aiki.

Diyyar ba ta raini ba ce. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai sake aiki ba yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan rasuwa ce, matar ko mijin da ya dogara da mamacin, mai 'ya'ya biyu ko fiye, yana samun kashi 90, mai ɗa guda kashi 85. Ana lissafa yaro har ya kai shekara 21 ko ya gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Akwai kuma kuɗin magani da kayan tallafi irin su ƙafar roba, da horon sabuwar sana'a. Gida mai mata fiye da ɗaya ya kamata sunan kowace mata da kowane yaro ya kasance a fayil ɗin ma'aikaci tun yana raye.

Ga wani abu da ya keɓanta da ma'aikatan jami'a. Biyan nakasa na wata-wata yana tsayawa ne a shekara 55, sai in hukumar ta gamsu cewa mutum zai wuce haka kafin ya yi ritaya. Wata doka ta 2012 kuwa ta kai ritayar farfesa shekara 70, ta sauran ma'aikatan jami'a 65. Shekara goma ko sha biyar na biya ke nan, don haka a haɗa hujjar shekarun ritaya a cikin takardun nema.

Kada a rikita wannan da inshorar lafiya, wadda ba ta biyan albashin da aka rasa, ko da inshorar rai da Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta, wadda ke biyan aƙalla ninki 3 na albashin shekara idan ma'aikaci ya rasu. Kowanne da ƙofarsa. Wanda kuma yake tunanin kai ƙara kotu ya nemi lauya da wuri, domin dokar ta tsara zaɓi ne tsakanin diyya da ƙara, kuma wa'adin zaɓin wata 6 ne. Idan hukumar ta ƙi biya ko ta rage, ana ɗaukaka ƙara gare ta cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Babban giɓin yana wajen masu ɗaukar aiki da ba sa zuba kuɗin. A takarda haƙƙin ma'aikaci yana nan, amma a aikace neman diyyar wanda ba a yi wa rajista ba yakan cije. Ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a, wato ASUU da SSANU da NASU da NAAT, sun iya fafutukar albashi da alawus, wannan fanni kuwa ba a cika jin muryarsu a kansa ba, alhali ƙananan mambobinsu ne suka fi shiga hatsari. Kowane reshe ya rubuta wa magatakarda da ma'ajin jami'arsa, ya nemi ganin shaidar rajista da NSITF da rasit ɗin biya na baya-bayan nan, ya kuma karanta amsar a gaban mambobi a taro na gaba.