Yadda ake warware lissafin kuɗi da na yiwuwa a aikin gida

Yaron da yake iya ba da canji daidai a shagon babansa, sai ka gan shi ya kasa lissafin riba a littafi. Yawanci ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, gaggawar kama lambobi ce tun bai fahimci tambayar ba.

Da farko, ka sa shi ya karanta tambayar sau biyu, ya rufe littafin, ya faɗa maka labarin da bakinsa. In ya kasa, bai kai lokacin ɗaukar biro ba. Daga nan ya rubuta abin da aka ba shi a gefe guda, abin da ake nema a ɗaya gefen.

Ga misali. Mai shago ya sayo buhun shinkafa ₦60,000, ya biya kuɗin mota ₦2,000, ya sayar ₦74,400. Kashi nawa cikin ɗari ya ci riba? Nan ne yara suke mancewa da kuɗin mota, alhali shi ma yana cikin uwar kuɗi. Uwar kuɗi ₦62,000 ke nan. A ɗebe ta daga ₦74,400, saura ₦12,400, ita ce riba. A raba 12,400 da 62,000, a ninka da 100, ya ba da kashi 20. A kan uwar kuɗi ake auna riba. Wanda ya raba da kuɗin sayarwa zai samu kusan kashi 16.7, kuma ya faɗi.

Akwai wani tarko da manya ma suke faɗawa. Kayan ₦1,000 aka ƙara musu kashi 20, suka koma ₦1,200. Aka rage kashi 20, sai suka tsaya a ₦960, domin ragin daga 1,200 aka yi shi.

Lissafin yiwuwa kuwa ƙirga ne kawai: adadin abin da kake so a sama, jimillar duka a ƙasa. A kwando akwai jan goro 4 da fari 6. Ka rufe ido ka ɗauki ɗaya, yiwuwar ya fito ja 4/10 ce. In ya fito ja kuma ba ka mayar da shi ba, saura goro 9, ja 3, wato yiwuwar na biyu da za ka ɗauka ya fito ja 3/9 ce. Yiwuwar duka biyun su fito ja sai a ninka: 12/90, wato 2/15. Kullum yaro ya duba ko an ce an mayar.

A tambayoyin tunani, kada ya juya magana. An ce duk ɗan aji uku yana da rula, Audu kuma yana da rula. Wannan bai sa Audu ya zama ɗan aji uku ba.

Idan ya gama, ya gwada amsarsa: a misalin shinkafa, kashi 20 na 62,000 ya kai 12,400? Kuma ya rubuta kowane mataki, don a jarrabawar WAEC ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsa kaɗai ba. Iyaye, ku daure ku bar faɗa musu amsa, ku riƙa tambayarsu yadda suka same ta.