Amsoshin Wasiƙunku: Mai Fiton Mamata

Wasiƙar farko daga Illo take, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, daga wata baiwar Allah da ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta ce tun rasuwar maigidanta take rubuta wani labari a littafin makarantar 'yarta: wani mai fito a Kogin Kwara wanda mamata kaɗai yake ɗauka, kuma kafin ya haye da mutum sai ya zaunar da shi a rumfa, ya dama masa fura, su taɓa hira. Wai an taɓa irin wannan rubutu, ko ta yage?

'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya ba ku dangana. Kada ki yage. Fatawa dai ta malamai ce, ki kai musu. Ni adabi zan taɓa.

An taɓa yi. Makahon mawaƙin Sham, Abul Ala al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya rubuta Risalatul Gufran, inda ya kai wani malami Aljanna yana zantawa da mawaƙan da suka shuɗe. A 2021 kuma Ba'amurke TJ Klune ya fito da Under the Whispering Door: wani lauya mai busasshiyar zuciya ya mutu, aka kai shi shagon shayi, can ya koyi tausayin da bai koya ba yana raye. Mu kuwa mutuwa ta fi zo mana cikin waƙa, ko wa'azi mai tayar da tsikar jiki irin na Imfirajin Aliyu Namangi, ko marsiyya kamar wadda Nana Asma'u ta yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Zube mai rarrashin zuciya ne ya yi mana ƙaranci.

Shawarata, ki tsaya a wannan gaɓar. Abin da ke hayi gaibu ne. Amma rumfar nan taki ce: bashin da mamacin yake so a biya masa, ƙanensa da suka rabu ba su shirya ba, sallahun da zai bar wa matarsa. Nan za ki zuba tawadarki.

Wani matashi kuma daga Tsamiya, bakin iyakar Benin, yana tambaya ko ya dace a sa raha cikin labarin mutuwa. Malam, ba ka taɓa ganin jikoki a zaman makokin kakansu ba? Sa abinka, amma da ladabi.