Darasin Turanci: Kalmomin Yawa

Wannan darasi domin masu yin tafinta a cikin sujada ne, da ma'ajin Ekklesiya, da dukan wanda yakan ajiye Littafi Mai Tsarki na Turanci kusa da na Hausa. Mu Hausawa mukan ce "da yawa", ko mutane ne, ko ruwa, ko kuɗi. Turanci kuwa yana da kalmomi barkatai. Waɗansu suna ƙirga abu daidai, waɗansu kuwa suna nuna tulinsa kaɗai. Wajibi ne tafinta ya san wace iri ce ta shiga kunnensa.

Mu fara da masu sauƙi. Many domin abin da ake ƙirgawa ne, kamar tumaki. Much domin abin da ake aunawa ne, kamar hatsi. Dozen shi ne dozin na kasuwa, watau 12. Score kuwa 20 ne, abin da kakanninmu suke kira hauya sa'ad da suke ƙirga wuri. A cikin tsohon juyi na Sarki Jems, na shekarar 1611, za ku iske threescore da fourscore a Zabura 90:10, watau 60 da 80. Wanda ya ji three ya ce "uku" ya rage wa mutum kwanakinsa ƙwarai.

Million dubu sau dubu ne, sifiri shida. Dā akan ce zambar dubu. Amma ma'aji, ku yi hankali da billion. A Amurka miliyan dubu ne, sifiri tara. A Ingila dā miliyan sau miliyan ne, sai a 1974 gwamnatinsu ta bi lissafin Amurka. Faransanci kuwa yana nan bisa tsohon lissafi, miliyan dubu milliard ne a wurinsu. Saboda haka 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, masu karanta harsunan nan biyu, su ƙirga sifiri, kada su dogara ga sunan.

Yanzu ga inda aikin yake da nauyi. Multitude taro ne mai yawa, ba adadi a cikinsa. Host runduna ce. Legion rundunar Romawa ce, soja wajen 5,000 zuwa 6,000, amma a Markus 5:9 aljanun yawansu suke faɗi, ba lissafi ba.

Myriad ta fito daga Helenanci, ma'anarta ta fari zambar goma, watau 10,000. Ita ce kalmar ƙirga mafi girma da Helenawa suke da ita, domin haka sukan kama ta idan abu ya fi ƙarfin baki. A Ru'ya ta Yohanna 5:11 an ninka ta a kan kanta domin mala'iku. Mai son lissafi zai sami miliyan 100, amma a ganinmu Yohanna bai tsaya ƙirga su ba. Ku duba sura 7 kuma: a aya 4 an ba da adadi, 144,000, a aya 9 kuwa taron ya wuce ƙirga. Kada tafinta ya sa musu kalma ɗaya.

Wannan kalma ce kuma a Matta 18:24, inda bawan nan yake da bashin talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan ƙodago na yini ɗaya, kamar yadda Matta 20:2 ya nuna. Bashin ya kai ladan yini miliyan 60. Abokinsa, wanda ya shaƙe wa wuya, dinari 100 ne a kansa. In mai wa'azi ya faɗi wannan da Turanci, tafinta kuma ya ce "bashi da yawa" har sau biyu, jama'a za su koma gida ba su ji abin da Ubangiji ya gafarta ba, ba su kuwa ji ƙanƙantar abin da aka hana ba.

Aikin wannan wata: ku karanta Farawa 15 da Ayyukan Manzanni 2 da Turanci, ku rubuta kowace kalma ta yawa, ku sa alama a kan masu ƙirga daidai.