Darasi: Keke da Titin Mota

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai. Nan da nan litar fetur ta haura naira 500. Kuɗin mota da na kabu-kabu suka tashi. Manomin Rara mai kai albasa kasuwar Acida ya ga ribarsa tana ƙarewa a hanya.

Keke ba ya shan mai, amma titi ɗaya yake bi da manyan motoci. Nan hatsarin yake. A ƙasar Holan an ware wa masu keke tasu hanyar daban. Kafin a samu irinta a Raba, Wurno da Goronyo, mai keke ya riƙe gefen dama, ya gyara birki, ya kunna fitila da dare.

Tambaya: Ina hatsarin keke yake?