Hawan Babur ɗin Ƙanƙara a Alaska: Karnuka Ne Masu Hanya

Duk baƙon da ya sauka a Alaska, can arewacin Amurka, tsakanin Disamba da Maris, sai an tallata masa babur ɗin ƙanƙara. Abu ne mai siffar babur, sai dai gabansa faranti biyu ne masu zamiya, bayansa kuma bel ne mai haƙora da ke cizon dusar ƙanƙara. Wanda ya taɓa tuƙa babur a gida kan ji kamar ya iya, kuma gaskiya koyonsa ba wuya. Wuyar tana kan hanya, domin ba kai kaɗai kake binta ba. Akwai ayarin karnuka masu jan amalanke, akwai masu zamiya da sanduna, akwai namun daji, kuma dukansu sun riga injin zuwa wurin.

Ka fara sanin matsayin kare a Alaska. A 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom, teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya zuwa. Karnuka ne suka yi ta miƙa wa juna maganin daga garin Nenana har Nom, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, cikin ƙasa da kwana shida. Da babur ya shigo ƙauyuka a shekarun 1960, mutane suka fara watsar da karnukansu, wannan na daga cikin abin da ya sa Joe Redington da abokansa suka kafa tseren Iditarod, wanda aka fara a 1973, ana kuma yin sa kowane Maris. Saboda haka a idon mutanen wurin, karen jan amalanke dukiya ce kuma abokin aiki, kamar yadda makiyayi ke kallon saniyarsa.

Yanzu ga abin da ya kamata ya zauna maka a rai. Kai kana da birki a yatsunka. Mai karnuka ba shi da linzami ko ɗaya. Da murya yake tuƙi: in ya ce "ji" su yi dama, in ya ce "ho" su yi hagu. Karnuka goma sha biyu ko sha huɗu a jere, bibbiyu, igiyarsu ta fi tirela tsawo, shi kuma yana can ƙarshe a tsaye. A kwana, jagoran karnukan ya daɗe da shan kwanar kafin mutumin ya ga abin da ke gaba. Birkinsa ƙarfe ne da yake takawa cikin ƙanƙara, sai wata ƙugiya da yake kafawa, kuma karnukan da ke jin ƙarfi kan fizge ta su wuce. Tafiyarsu ba ta cika wuce kilomita 15 a awa ba, naka injin kuwa yana haura 100 ba tare da ka ji a jikinka ba. To wa ya kamata ya kauce?

Abin da ke yaudarar baƙo shi ne shirunsu. Kafin a tashi, haushi da kuka kamar za su tsaga kunne. Da zarar an saki ƙugiya sai tsit, ba ka jin komai sai numfashi. Kai kuma ga hular kwano, ga ƙarar inji. Ba za ka ji su ba har sai kun yi kiciɓis. Don haka duk kwanar da ba ka hango bayanta, duk tudun da ba ka ga gangarensa, ka shiga da zaton akwai kare a can.

In kun haɗu gaba da gaba, ka ratse gefe, ka tsaya cak, ka kashe inji. Wataƙila ka nutse cikin ƙanƙara mai laushi har sai ka yi haƙa kafin ka fito. Ka yi haƙar, ta fi sauƙi. In dare ne, karkatar da kan babur kada fitila ta dalle musu ido. In kuwa ta baya ka cim musu, kada ka zaci mutumin ya san da kai, don kansa a duƙunƙune yake cikin hula. Rage gudu, bi shi daga nesa, jira ya waiwayo ya ɗaga maka hannu. Wuce a hankali, kada ka murɗa wuta sai ka bar jagoran karnukan da nisa. Ban da fito, ban da kira, ban da miƙa musu abinci. Ka kuma lura da gefen hanya, domin a nan ake shimfiɗa musu ciyawa su huta, su dunƙule, ƙanƙara ta lulluɓe su har ka ɗauka duwatsu ne.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A tseren Iditarod na 2016, kusa da ƙauyen Nulato a bakin kogin Yukon, wani mai babur ya afka wa ayarin Aliy Zirkle da na Jeff King cikin dare. Karen King mai suna Nash ya mutu, wasu suka ji rauni. Mutumin ya ce a buge yake, kotu kuma ta ɗaure shi. A ƙarshen 2023 an sake yin irin wannan karo har sau biyu a titin Denali, titin da ba a share masa ƙanƙara da hunturu, sai ya zama filin atisayen karnuka da na masu babur a lokaci guda.

Masu zamiya da sanduna maganarsu gajera ce. In ka ga layi biyu siriri a jere kamar an ja su da ma'auni, gyara su aka yi musamman, bel ɗinka kuwa zai ɓata su cikin minti ɗaya. Kada ka hau. A birnin Ankorej ma yawancin irin waɗannan hanyoyi an hana inji shiga.

Sai mus, wato ƙatuwar barewar nan mai dogayen ƙafafu, wadda namijinta kan haura kilo 600. Da hunturu ƙananan rassan itace take ci, tana tafiyar da rayuwarta a kan ɗan kitsen da ta tara, ratsa ƙanƙara mai zurfi kuma yana gajiyar da ita. Shi ya sa take son hanyar da babur ya daddaɓe, kuma in ta hau ba ta son sauka. Kada ka kore ta da inji. Dokar jihar ta hana, gudun da ka sa ta yi kuma yana iya zama ajalinta kafin bazara. Tsaya nesa ka jira, ko ka juya. In ta kwantar da kunnuwa, gashin doronta ya miƙe, tana lasar leɓe, to tahowa za ta yi: nemi bishiya ka sa ta tsakaninku. A 1985 wata mus ta shiga ayarin Susan Butcher ta kashe mata karnuka biyu, dole ta janye daga tseren Iditarod. Matar da ta ci gasar sau huɗu daga baya ke nan, ba baƙuwar daji ba. Garken karibu, wani nau'in barewa, ma haka, in suna tsallake hanya ka bar su su gama.

A ganina baƙo bai kamata ya fita shi kaɗai ba sam. A birnin Fairbanks sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, hasken rana a ƙarshen Disamba bai cika awa huɗu ba, a kan koguna kuma ruwa kan kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara inda ido ba ya gani. Ɗauki ɗan jagora na gari. Kafin ka karɓi makulli, tambaye shi hanyoyin da aka yarda inji ya bi, da kuma ko akwai tseren karnuka a wannan mako.