Cefane Ta Intanet Ga Mai Juna Biyu

Idan ciki ya tsufa, yawon kasuwa cikin rana da ɗaukar kaya masu nauyi kan jawo jiri da ciwon baya. Don haka shinkafa, wake da man girki, bari a kawo miki su har gida.

Nama da kifi kuwa sai an yi hattara, tunda ba idonki ya zaɓa ba. Ɗanyen nama da ya wuce awa 2 a kan babur cikin zafi kan tara ƙwayoyin cuta, gudawa da amai masu tsanani kuma suna iya tayar da naƙuda kafin lokaci. In ya zo da wari ko yauƙi, a mayar. Gara ma maigida ya sayo da kansa. Madara da kayan gwangwani, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ɗan aike ya tafi.